Takardar da Ta Ƙosar da Garinmu

Mace ba ta kiran sunan mijinta, haka aka koya mana. To ni na tsufa, haƙora sun zube, kunyar ma ta bi su, saboda haka zan faɗe shi in huta: Ishaƙu. A garinmu, Kalgon Danda, tafiyar rabin yini daga Kona a ƙafa, Ishaƙu Mai Zabura ake ce masa. Ni ce Furera, wadda Allah ya ɗora wa zama da shi shekara talatin da ɗaya, kuma babu wanda ya kai ni sanin abin da ilimi ke iya yi wa gida.

Yana saurayi ciwon ƙafa ya kai shi wani gidan likita na mishan can wajen Maraɗi, ya yi shekara biyu a kwance. Wasu sukan dawo daga irin wurin nan da sanda, wasu da tabo. Shi ya dawo da ɗingishi, da karatun boko, da wani ɗan baƙin littafi na Zabura da Hausa wanda tsohon da ke wanke masa gyambo ya ba shi. Sallarsa bai bari ba, azuminsa bai sha ba. Liman Maharazu ya yi ta gunaguni wai littafin nan hannun mutane ya taɓa shi. Maigidana ya ce Zabura dai tana cikin littattafan da aka ce mu yi imani da su, in Liman na da wadda ba a taɓa ba, ya ara masa. Liman ba shi da ita, sai aka zauna a haka.

Da a karatu abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma tsohon nan ya gaya masa wai a Ibrananci, harshen da aka fara rera waƙoƙin da shi, ba ƙarshen baiti ake daidaitawa ba kamar yadda mawaƙanmu ke yi. Magana ake faɗa, a sake faɗinta da wasu kalmomi, ta biyu ta tokare ta farko. Wannan abu ya shige shi har ƙashi. Tun da na zo gidansa ban ji ya faɗi magana sau ɗaya ya bar ta ba. "Hurera, ba ni ruwa, ki kashe ma bawan Allah ƙishi." "Akuya ta shiga gona, dabba ta abka ma shuka." Kafin ya kai ƙarshen layi na biyu akuyar ta gama da waken.

Akwai wadda ya fi so a cikin waƙoƙin, kukan wani bawan Allah da aka yasar, ƙarfinsa ya ƙare, masu wucewa na yi masa dariya. Ya ce mutanen mishan sun ce da Almasihu ake, shi dai ko da wa ake, mai waƙar ya san wahala. Abin da ya fi burge shi shi ne ƙarshenta. Mutumin yana tsakiyar kuka, ko loma ba a ba shi ba, sai ya juya ya kama godiya kamar an riga an amsa masa, har yana gayyatar matalauta su zo a ci tare. Maigidana ya ce da yawa daga cikinsu haka suke, kuma nan imanin yake. Ni na ce masa da alama mutumin ba shi da ƙananan yara a gida.

Shekara goma bayan yunwar da ta kawo sojoji kan mulki, damina ta sake ƙi. Ruwa ya sauka sau biyu, hatsi ya kai gwiwa, ya bushe a tsaye. Abin da muka tsinta a gona bai kai mu wata uku ba. Muka koma cin ganyen jiga da ƴaƴan anza, waɗanda sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan ɗacin kafin su shiga baki. Awakina suka tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya, a kan kuɗin da ba ya sayen zakara. Abin da ya rage a rumbunmu dami ɗaya ne na iri, zangarniyoyin da na zaɓa da hannuna. Iri kuwa ba a taɓa shi, wanda ya ci irinsa ya ci gonarsa. Muna da ƴaƴa mata biyu ƙanana, Hassana da Auta. Lissafina bai da wuya: in taimako ya zo kafin bazara, iri ya tsira mu yi shuka, in bai zo ba, damin nan zai sauko turmi.

Ana nan sai ga saƙo, wai wani kapitan zai zauna a Kona ranar kasuwa da motocin dawa, kowane gari ya kawo takarda ya bayyana halin da yake ciki, a sa shi cikin jerin rabo. Garinmu babu lakwal, wato makarantar boko, balle mushe mai koyarwa a cikinta. Liman ya iya ajami, amma aka ce sakataren kapitan boko kaɗai yake karantawa. Sai mai gari Bature ya tuna da maigidana. Mutumin da aka yi shekara ashirin ana kwaikwayon maganarsa a bakin rijiya, ran nan har buzu aka shimfiɗa masa a ƙofar mai gari.

Kwana uku ya yi yana rubutu a kan ƴan takardun da ya yago daga wani tsohon kaye, littafin rubutu na ƴan makaranta. Da safiyar na huɗu, ina tace anza, ya zo ya tsaya a kaina ya gyara murya. Babu gaisuwa a farkon takardar, babu tambayar lafiyar kowa, kai tsaye ya shiga kuka:

"Rumbunanmu sun zama ɗakin ɓera, ɓeran ma ya yi ƙaura. Matanmu na dakan ɗaci, turmi ya manta ƙamshin hatsi. Rijiya ta yi nisa, guga na dawowa da yashi. Mun binne tsofaffi ba mu gama ta'aziyya ba, mun rufe jarirai ba a kai ga suna ba."

Shafi uku ne a haka. Ba zan ci amanarsa ba, abin ya yi kyau. Na tsaya da matata a hannu ina hawaye, domin ban taɓa jin an faɗi wahalarmu yadda take ba sai ranar. Har na ji na yafe masa waken da akuya ta ci. Sai ya juya shafi na huɗu, ya ɗaga murya:

"Amma kun ji kukanmu, ba ku juya mana baya ba. Kun aiko da dawa, kun cika mana ƙorai. Yaranmu sun ci sun ƙoshi, tsofaffinmu sun yi gyatsa. Mun gode, mun ƙara godiya."

Na ajiye matatar. Na ce, "Malam, wa ya ci? Wa ya ƙoshi? A wane gida anka yi gyatsar, in tahi da ƙwarya?"

Ya ce, "Hurera, ba ki gane ba. Haka salon shike, haka tsarin ya gada. Mai kuka shina godiya tun ba a ba shi ba."

"Wancan da Allah shike magana. Kai da soja za ka yi."

Ya dube ni irin kallon da mai ilimi ke wa jahili, ya naɗe takardarsa ya tafi ƙofar mai gari. Ina so a riƙe abin da ya faru a can, domin daga baya duk sun manta. Ya karanta musu daga farko har ƙarshe, kuma shafi na huɗun nan shi ya fi yi wa Bature daɗi. Bature ya ce ai wannan dabarar maroƙa ce. Maroƙi kan tsaya a ƙofar attajiri ya yi ta shelar an ba shi riga an ba shi riga, alhali ko hula bai gani ba, har sai attajirin ya tuɓe ta jikinsa ya miƙa. Ya ce, "Babba in anka gode mai bainar jama'a, kunya ba ta barin shi hanawa." Dattawa suka ce gaskiya ne. Liman Maharazu da kansa ya gyaɗa kai, ya ce ko banza godiya na ƙara ni'ima. Bature ya dangwala yatsansa a ƙasan takardar. Babu wanda ya tsaya ya tambaya ko ana raba wa soja kunya tare da takalma.

Ranar kasuwa muka kama hanya tun da sassafe, maza a gaba, mu mata a baya da buhunan da muka wanke muka ɗinke ɓulinsu. A Kona mun tarar da garuruwa sun fi arba'in. An kafa tebur a gindin wani gawo, ga motoci biyu shaƙe da jar dawa, ga sojoji da bindigogi. Kapitan ɗin yaro ne, ba zai girmi ƙanena ba, da baƙin tabarau. Sakatarensa na gefe yana karɓar takardu yana juya masa su da Faransanci.

Mu mata an tsugunar da mu kusa, saboda haka na ga yadda aikin ke tafiya. Kowace takarda da gaisuwa take farawa. A gai da shugaban ƙasa, a gai da kapitan, a tambayi iyalinsa da gajiyar hanya, a yi addu'a, shafi guda bai isa ba, sa'annan can a layukan ƙarshe a ce mutum kaza ne, yunwa ta kai kaza, a taimaka. Kapitan ya jure wa biyar. Daga ta shida, da sakatare ya buɗe baki sai ya kaɗa hannu ya ce, "La fin. Karanta ƙarshe." Sakatare ya juya shafin ƙarshe, ya karanta layi huɗu, a rubuta buhu kaza, a kira na gaba. Aiki ya yi sauri, kowa ya ji daɗi. Ni kuwa sai na tuna da shafi na huɗu. Na yi ta yi wa maigidana alama da ido, amma yana can tsaye cikin rigarsa ta Salla, ya tura ƙirji gaba, yana motsa leɓe yana bitar layukansa.

Aka kira Kalgon Danda. Bature ya miƙa takarda da hannu biyu. Sakatare bai ma jira a kaɗa masa hannu ba, ya ɗaga shafi uku na kukan da aka kwana uku ana tsarawa, ya ajiye su gefe kamar ɓawon gyaɗa, ya karanta na huɗu. Kapitan ya cire tabarau, abin da bai yi wa kowa ba tun safe. Da Hausa ya yi magana.

"Wane gari ne wanga? Tun da hantsi kuka nike ji, ga gari guda da ya san godiya. Yaushe kunka karɓa?"

Maigidana ya matso yana ɗingishi. "Ranka shi daɗe, a hwara daga sama, a soma daga hwarko..."

"Ba da kai nike ba. Ina mai gari?"

Bature ya durƙusa. Kapitan ya ɗaga takardar yana nuna masa shaidar yatsansa. "An rubuta nan an aiko muku da dawa, kun ci kun ƙoshi. Ga yatsanka. Ko dai kun karɓa, ko kun yi ma gwamnati ƙarya a rubuce. Wanne ne?"

A zamanin nan kowa ya san abin da ke samun mai garin da aka kama da ƙarya a kan hatsin taimako. Ba a tambayar rawaninsa, a bayan mota ake jefa shi. Bature ya dubi motocin dawa, ya dubi sojojin, ya dubi ƙasa. Muna bayansa mu mata wajen talatin da buhunanmu.

Ya ce, "Mun gode, ranka shi daɗe."

"Kun karɓa ke nan."

"Mun gode."

Sakatare ya ja layi a kan sunan garinmu. Kapitan ya ninke shafin nan na huɗu ya sa a aljihun gaba, ya ce zai nuna wa manya su ga akwai talakawan kirki a ƙasar nan. Kada in ɗauki alhakinsa, ba ɓarawo ba ne, buhun ƙarshe sai da ya rabar a gabanmu. Sauri kawai yake yi, kuma an gode masa. Maigidana ya yi ƙoƙarin bayyana wa wani soja cewa a Ibrananci haka ake rufe kuka. Sojan bai yi karatun mishan ba, ya ture shi da gindin bindiga, ya faɗi a kan ƙafar mai ciwo. Sauran shafuka ukun na gani a ƙarƙashin tebur, wani ya taka su.

Kafin mu iso gida Bature ya tuna cewa shi dama tun farko ƙarshen nan bai kwanta masa ba. Liman ya tuna cewa shekara ashirin yana gargaɗi a kan littafin nan. Dattawan da suka ce gaskiya ne suka tuna cewa tari ne ya kama su, ba amsawa suka yi ba. Haka laifi ya yi ta zagaye yana neman masauki har ya shigo gidanmu ya shimfiɗa tabarma.

Maigidana ya sake rubuta wata takarda, layi biyar, babu godiya ko ɗaya, ya ja ƙafarsa har Tasawa wurin manyan gwamnati. Ya yi kwana uku yana bin ƙofofi. Inda ya samu aka saurare shi, aka buɗe babban littafi aka nuna masa sunan garinmu da layi a kansa, aka ce an riga an sallame mu, har ma an yaba da halinmu. Ya dawo ƙafar ta kumbura kamar tulu.

Na riƙe damin nan har bazara ta shigo. Sai gashin Auta ya fara yin ja, ƙafafunta suka fara kumburi, ta daina kuka ma, sai dai ta kwanta tana kallon mutum. Wata safiya na kafa tsani na hau rumbu na sauko da irin. Maigidana yana zaune a inuwar ɗaki da littafinsa rufe a kan cinya. Na jira ya hana ni, don in samu abin da zan faɗa masa, domin na tanadi magana mai yawa. Bai hana ni ba. Na sussuke, na sheƙe, na daka. Ranar na tsane shi, ba zan ɓoye ba, na tsane shi kamar in zuba masa ruwan anza a ido. Da na miƙa masa kunun ya ce a ƙara wa yara, sai kuma tausayinsa ya kama ni, abin ya ƙara ba ni haushi. Kwana goma sha tara irin ya yi mana, kuma Auta ta tashi.

Dab da damina surukin mai gari da ke Attantane ya aiko masa da buhu biyu na iri. Bature ya nuna halin girma, ya ce kowane magidanci ya zo ƙofarsa ya karɓi tiya guda. Maigidana ya ɗauki ƙwarya ya bi layi. Da aka zo kansa, Bature ya riƙe ma'aunin a sama ya ce, "A'a, Ishaƙu, kai ma? Ai ku kun ƙoshi har da gyatsa." Aka kwashe da dariya, mutanen da haƙarƙarinsu ke waje, su ma sun samu abin dariya. Ya tsaya kaɗan, ya ga an kira na bayansa, ya juyo gida. Ni kuma na tafi garin yayana neman ko da cikin tafin hannu ne, na tarar da ƙofa a rufe da ƙaya, sun yi kudu tun tuni.

Ruwa ya sauka wata ranar Laraba da la'asar, mai yawa, irin wanda aka yi shekara biyu ana roƙo. Da gari ya waye kowa ya fita. Ga wanda bai san shukarmu ba, namiji ne ke gaba da sungumi yana sara ramuka, mace na biye tana zuba iri tana rufewa da diddige. Sai na ga maigidana ya ɗauki sungumi ya fita. Na ɗauki ƙwarya na bi shi, ban san dalili ba, sabo ne kawai. Gonarmu a bakin hanya take. Ya kama sara, layi a miƙe, kamar kowace shekara.

Na ce, "Malam, mi za ni zuba?"

Bai waiwayo ba. A daidai nan Jummai matar mai gari da wasu mata suka ɓullo a hanya da ƙoransu a kai, suka rage tafiya suna kallonmu. Na ji kunya ta rufe ni har wuya. Na sa hannu cikin ƙwaryar da babu komai, na ɗebo, na sunkuya na saki a rami, na rufe da diddige. Suka ce sannu da aiki, na ce yawwa sannunku. Da suka wuce ban tsaya ba, shi ma bai tsaya ba. Haka muka yi har azahar, yana sara ina rufewa, sai da muka gama gonar kaf, ba mu bar ko kusurwa ba.

Bayan kwana biyar gonakin gari suka tsiro, ko ina ya yi kore. Kowace safiya yakan je ya tsaya a bakin tamu ya daɗe, sa'annan ya dawo. A rana ta bakwai muna tsakar gida, Auta na zaune tana wasa da ƙasa mai laima, ta ɗago kai ta ce, "Inna, namu yaushe za shi hito?"

Na ce ta tambayi babanta. Ta tambaye shi. Ya ɗauki hauya ya tafi noman gonar Bature a kan tiya guda a yini.